Tambaya da Amsa: Ratar Karatu Tsakanin Baƙaƙe da Fararen Fata a Makarantun Amurka

Wasiƙun wannan karo sun taru a kan batu ɗaya: ratar da ke tsakanin sakamakon ɗalibai baƙaƙen fata da na fararen fata a makarantun gwamnati na Amurka, da abin da ake yi don cike ta. Wasu masu tambayar a can suke zaune, 'ya'yansu na cikin waɗannan makarantu, wasu kuma nazarin ilimi ne ya kai su ga batun. Mun taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa 'ya'yan baƙaƙen fata a Amurka ba sa kamo 'ya'yan fararen fata a karatu. Da me ake auna wannan? Kuma ba bambancin ƙwaƙwalwa ba ne tun daga halitta? (Daga wani ɗalibin kwalejin ilimi)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ma'aunin da aka fi dogara da shi wata jarrabawa ce ta ƙasa mai suna NAEP, wadda aka fara a 1969. Ba kowane yaro ke zana ta ba. Ana ɗebo samfuri ne daga kowace jiha, musamman 'yan aji 4 da aji 8, a gwada su a karatu da lissafi, makin kuma daga 0 zuwa 500 yake. A 'yan shekarun nan, matsakaicin makin baƙaƙen fata 'yan aji 4 a karatu yana ƙasa da na fararen fata da maki 25 zuwa 30, a lissafin aji 8 kuwa ratar ta haura 30. 'Ya'yan 'yan asalin Latin Amurka da na ƙabilun da suka riga Turawa zama a ƙasar su ma suna baya. A lura, matsakaici ake magana. Akwai dubban yara baƙaƙe da suka fi yawancin fararen fata maki.

Batun halitta kuwa, a'a, kuma alƙaluman da kansu sun ƙaryata shi. A ɓangaren jarrabawar da ke bin shekarun yara, ratar karatu tsakanin 'yan shekara 17 ta haura maki 50 a 1971, amma zuwa 1988 ta sauko kusan 20. Jinin al'umma ba ya sauyawa cikin shekara 17. Abin da ya sauya shi ne an haɗe makarantun baƙaƙe da na farare a kudancin ƙasar, iyaye baƙaƙe sun samu ƙarin ilimi da ayyukan yi, sannan tun 1965 gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a makarantun talakawa da shirin share fagen yara na Head Start. Daga ƙarshen shekarun 1980 tafiyar ta yi sanyi.

Ga wata hujjar. Ma'aikatar Tsaron Amurka tana da makarantunta na 'ya'yan sojoji, inda yara na kowane launi ke zama aji ɗaya, iyayensu na da albashi da muhalli da asibiti, manhaja kuma ɗaya ce. A can ratar ta fi ta sauran ƙasar ƙanƙanta, kuma baƙaƙen ɗaliban sun yi wa takwarorinsu na makarantun jihohi nisa.

Tambaya: Na karanta cewa tun 1954 kotu ta haramta raba makarantu bisa launin fata. To me ya hana matsalar ƙarewa? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Haka ne, Malama. A shari'ar Brown da Hukumar Ilimi ta Topeka, wadda lauya Thurgood Marshall ya jagoranta, alƙalan Kotun Ƙoli tara baki ɗaya suka rushe wariyar. Aiwatarwa ce ta zama jan aiki. A 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji suka raka ɗalibai tara baƙaƙe cikin wata sakandare a Little Rock. Haɗewar gaske a kudu ba ta kankama ba sai ƙarshen shekarun 1960.

Ana cikin haka kotun ta yanke hukunci biyu da suka taka wa tafiyar birki. A 1973, a shari'ar Rodriguez ta jihar Texas, ta ce tsarin mulkin tarayya bai hana a dogara da harajin gidaje wajen ɗaukar nauyin makarantu ba, ko da hakan ya sa wata gunduma ta fi wata kuɗi. A 1974, a shari'ar Milliken ta birnin Detroit, ta ce ba za a tilasta jigilar yara tsakanin birni da gundumomin kewayensa ba, sai in an tabbatar su ma gundumomin sun yi wariya da gangan. Ke nan duk iyalin da ya ƙaura ya tsallake iyakar gunduma ya fita daga shirin haɗewar. Su kuwa unguwannin ba haka kawai suka rabu ba: a shekarun 1930 wata hukumar tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin masu haɗari ga bashi, bankuna suka daɗe suna ƙin ba da rancen sayen gida a cikinsu.

A nan gizo ke saƙar. Gwamnatin tarayya kusan kashi 10 cikin 100 kawai take bayarwa na kuɗin makarantu, ragowar jiha da gunduma ke rabawa kusan daidai, kason gunduma kuma yawanci daga harajin gidaje yake fitowa. Binciken Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna cewa abin da ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da girman ratar shi ne cunkushe yara baƙaƙe a makarantun da talauci ya yi wa katutu. Irin waɗannan makarantu su suka fi samun sababbin malamai, su suka fi rasa malami a tsakiyar shekara.

Tun bayan rahoton masanin zamantakewa James Coleman na 1966 wasu ke cewa kuɗi ba shi ne maganin ba. Binciken Jackson da Johnson da Persico na 2016 ya bi yaran da kotuna suka sa aka ƙara wa makarantunsu kuɗi, ya gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a tsawon shekara 12 ya ƙara wa ɗan talaka kusan rabin shekara ta karatu, da kusan kashi 10 a kan abin da yake samu bayan ya girma. Shi ya sa jihohi irin su Kalifoniya, tun 2013, suke ɗora ƙarin kashi 20 a kan kuɗin kowane ɗan talaka ko mai koyon Turanci, da wani ƙarin idan irin waɗannan yara sun wuce kashi 55 na gundumar. Inda ake yawan zamewa shi ne cikin gundumar kanta: idan aka lissafa kasafin kowace makaranta da matsakaicin albashin malami, ba a ganin cewa makarantar da ta tara tsofaffin malamai masu babban albashi ta fi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Mai son gaskiyar lamari ya nemi ainihin albashin da aka biya a kowace makaranta.

Tambaya: Ni mataimakiyar shugaban wata makaranta ce a Amurka, yawancin ɗalibanmu baƙaƙe ne, kuma da yawa suna baya da shekara ɗaya ko biyu a lissafi. An ba mu ɗan ƙarin kuɗi. A rage yawan yara a aji, ko a yi darasin ƙari?

Amsa: Malama, in kuɗin kaɗan ne, mu darasin ƙari za mu ce, amma da sharuɗɗa, domin sharuɗɗan su ne aikin.

Rage yara a aji yana da amfani. Gwajin STAR na jihar Tennessee, daga 1985 zuwa 1989, ya raba yara fiye da 11,000 ta hanyar ƙuri'a, wasu a ajujuwan mutum 13 zuwa 17, wasu a na 22 zuwa 25, daga ajin share fage zuwa aji 3. Ƙananan ajujuwan sun yi nasara, kuma baƙaƙen yara suka fi cin moriya. Sai dai dole ragin ya yi yawa haka, daga 25 zuwa 23 ba ya tsinana komai. Kalifoniya ta kwaikwayi shirin a 1996 cikin gaggawa, aka buƙaci dubban malamai lokaci guda, ƙwararru suka koma gundumomin masu hali, makarantun talakawa suka cika da waɗanda ba su kammala samun shaidar koyarwa ba.

Darasin ƙarin da bincike ya tabbatar da amfaninsa ga siffarsa. Aƙalla sau uku a mako, kowane zama minti 30 ko fiye. Yara ba su wuce uku ko huɗu gaban mai koyarwa ɗaya ba. Mai koyarwar ba ya sauyawa, shi ne daga farkon zango har ƙarshe. A cikin lokacin makaranta ake yi, a sa shi cikin jadawali kamar kowane darasi. Kayan aikin kuma su dace da abin da malamin aji ke koyarwa a makon. A Shikago an gwada irin wannan da 'yan aji 9 da 10: yara biyu gaban mai koyarwa ɗaya, kusan minti 50 kullum, makin lissafinsu ya tashi sosai, faɗuwa a darasin kuma ta ragu. Masu koyarwar ba malamai masu shaida ba ne, yawanci matasa ne da suka gama jami'a, aka horar da su, aka sa mai duba aikinsu.

Ga yadda zama ɗaya ke tafiya. Minti biyar na farko a ba yaran tambaya uku ko huɗu kan darasin jiya. Daga nan a koma ga ramin da aka gano. Yaron da ya kasa warware lissafin aljabara sau da yawa ba aljabarar ce ta kayar da shi ba: ka ba shi rabi a tara da sulusi, sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta biyu bisa biyar. A nan za a tsaya a gyara, da zane a takarda, shi yana bayani da bakinsa. Sauran lokacin a yi aikin ajin na yau, don kada yaron ya dawwama a darasin baya. A rufe da tambaya ɗaya da mai koyarwa zai rubuta sakamakonta.

Abin da ke kashe shirin kusan ko'ina iri ɗaya ne. A mayar da shi bayan tashi, a ce mai so ya zo, sai waɗanda suka fi buƙata su zama su ne ba sa zuwa, saboda motar makaranta ta tafi, ko suna rainon ƙanne, ko suna aiki. A saya wa yara damar shiga wani dandali na intanet a ce su nemi taimako da kansu, kaɗan ne ke buɗewa. Ko a ga yaran sun yi yawa a mayar da rukunin mutum takwas. Abin kamar magani ne: wanda aka ce a sha sau uku a rana, in aka sha sau ɗaya a mako ba za a ga aikinsa ba. Gara ki ɗauki yara 60 ki yi musu cikakke da ki yayyafa wa 300. Kuma kada a cire yaro daga darasin lissafin ajinsa don a kai shi darasin ƙarin lissafi.

Tambaya: Mene ne gaskiyar abin da ake faɗa cewa karatun yara ya inganta sosai a jihar Mississippi? (Daga wani malamin firamare)

Amsa: Malam, Mississippi na cikin jihohi mafi talauci, kuma ita ce mafi yawan kason baƙaƙen fata. A 2013 tana ta 49 cikin jihohi a karatun aji 4, a 2019 ta dawo ta 29, a 2024 ta shiga goman farko. Dokar da ta kafa a 2013 ta haɗa abubuwa da dama. Ana gwada karatun kowane yaro sau uku a shekara daga ajin share fage zuwa aji 3. Wanda aka ga yana baya a sanar da iyayensa a rubuce, a tsara masa taimako na kansa. An sake horar da malamai kan koyar da sautin haruffa da haɗa su bi da bi, aka kuma tura ƙwararrun masu horarwa su riƙa shiga ajujuwan makarantun da suka fi rauni.

Bambancin yana bayyana ne idan yaro ya ci karo da kalmar da bai sani ba. A tsohuwar hanya malama kan ce ya dubi hoton shafin, ko harafin farko, ya cinka. A sabuwar, sai ta sa ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar, ya furta sautukan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa. Yaron da ake karanta wa littafi a gida, ko iyayensa ke iya biyan mai koyarwa, yakan tsira ko da an koya masa cinke. Wanda makaranta ce kaɗai madogararsa shi ke faɗuwa.

Dokar ta kuma ce wanda bai ci jarrabawar karatu ta aji 3 ba, bayan an ba shi damar sakewa, zai maimaita ajin, ban da wasu da aka keɓe. Wannan ɓangaren ne ya fi jawo muhawara, kuma shi ne mafi arhar kwaikwaya. Jihar da ta ɗauki maimaita aji ta bar horar da malamai ta ɗauki hukuncin ne ta bar taimakon. A kuma sani, baƙaƙe da farare duka sun tashi a Mississippi, don haka ratar da ke tsakaninsu tana nan.

Tambaya: Ɗana yana cin lissafi sosai, amma ba a sa shi ajin haziƙai ba. Da na yi magana aka ce malamarsa ba ta ba da sunansa ba. Me zan yi? (Daga wata uwa mazauniyar Amurka)

Amsa: 'Yar'uwa, abin da ya same ki sananne ne. A gundumomi da yawa ba a gwada yaro don wannan aji sai malami ko iyaye sun miƙa sunansa, iyayen da suka san hanya su ke miƙawa, malamai kuma sukan tsallake yara baƙaƙe da 'ya'yan baƙi ba tare da sun lura ba. Gundumar Broward ta jihar Florida ta fara gwada kowane ɗan aji 2 a 2005, sai adadin baƙaƙe da 'yan Latin Amurka da aka gano haziƙai ne ya yi tsalle. Yaran suna nan tun da, ba a duba su ba ne. North Carolina kuma ta yi doka a 2018 cewa duk yaron da ya samu matakin ƙoli a jarrabawar lissafi ta jiha a sa shi a babban aji kai tsaye, sai in iyayensa ne suka ƙi.

Ki rubuta wa shugaban makarantar, a rubuce ba da baki ba, ki nemi ƙa'idojin shiga ajin, da makin ɗanki a jarrabawar jiha, da ranar gwaji na gaba. Ki ce ke da kanki kina miƙa sunansa. In an ƙi, ki tambayi hanyar ɗaukaka ƙara a ofishin gunduma. Kada ki jinkirta, domin rabon da ake yi a aji 5 da 6 shi ke yanke ko yaro zai yi aljabara a aji 8, ita kuma ita ce ƙofar manyan darussan lissafi na ƙarshen sakandare.

Tambaya: Shin da gaske an fi dakatar da yara baƙaƙe daga makaranta? Ba don sun fi rashin ji ba ne?

Amsa: Alƙaluman Ma'aikatar Ilimi na shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 sun nuna baƙaƙe kusan kashi 15 ne na ɗalibai, amma sun haura kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka dakatar. Bambancin ya fi fitowa a laifuffukan da ido ke yanke wa hukunci, irin su "taurin kai" da "raina malami", inda abin da wani yaro zai yi a ja masa kunne, wani ya yi a tura shi gida. Kowace ranar dakatarwa kuma ranar karatu ce ta tafi.

Gundumar Los Angeles ta hana dakatarwa saboda taurin kai a 2013. Amma hani kaɗai ba ya isa. In aka ɗaure hannun malami ba a ba shi wata dabara ba, aji ya rikice, kuma yaran da ake son taimaka wa su ke asara. A Pittsburgh an gwada tsarin sulhu, inda ake zaunar da mai laifi da wanda aka ɓata wa. Dakatarwa ta ragu a firamare, amma a aji 6 zuwa 8 ba ta ragu ba, sakamakon karatu ma ya ɗan ja baya. Tsarin na buƙatar ma'aikaci na musamman da lokaci a jadawali. Matakin farko mai sauƙi shi ne a fitar da rajistar ladabtarwa kowane wata, a rarraba ta bisa launi da nau'in laifi da malamin da ya turo. Sau da yawa za a tarar malamai kaɗan ne ke turo kaso mai yawa, su za a fara taimaka wa.

Tambaya: Launin fatar malami yana da tasiri?

Amsa: Yana da shi. Kusan kashi 80 na malaman makarantun gwamnati farare ne, baƙaƙe ba su kai kashi 10 ba, alhali fararen ɗalibai ba su kai rabi ba. Binciken Gershenson da abokan aikinsa ya gano cewa yaro baƙar fata da ya samu ko da malami baƙi ɗaya a farkon firamare ya fi yiwuwar gama sakandare ya shiga jami'a. Ɗauka ba ta kai riƙewa wuya ba: akan tura baƙaƙen malamai makarantu mafi wahala, a kuma ɗora musu ladabtar da duk yaron da ya gagara, har su gaji su bar aikin.

Tambaya: Ta yaya makaranta za ta san ko ƙoƙarinta na haifar da ɗa mai ido? (Daga wani mai nazarin tsarin ilimi)

Amsa: Malam, dokar ilimi da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002 ta yi abu ɗaya mai kyau: ta tilasta wa makarantu fitar da sakamako rukuni rukuni, bisa launi da talauci da naƙasa, yadda kyakkyawan matsakaici ba zai rufe yaran da aka bari a baya ba. Amma ta ɗora hukunci a kan makin, ta ce kowane yaro ya ci jarrabawa zuwa 2014. Makarantu suka koma kan yaran da ke dab da layin ci, suka yi watsi da na can ƙasa, aka rage lokacin kimiyya da tarihi. A Atlanta abin ya kai ga goge amsoshin yara, har kotu ta samu malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015, shekarar da aka maye gurbin dokar.

Don haka kada a jira jarrabawar ƙarshen shekara. A duba fashi: yaron da ya rasa kashi 10 na kwanakin makaranta, wato kwana 18 cikin 180, kwana biyu ke nan a wata, ya shiga haɗari, ko da uzuri ko babu. Matsakaicin halarta na kashi 95 yana iya ɓoye irin waɗannan yara masu yawa, sai an bi suna suna. A sakandare a yi amfani da ma'aunin da masu bincike na Jami'ar Shikago suka fitar: ɗan aji 9 da ya tara darussan da za su kai shi aji 10, kuma bai samu faɗuwar zango fiye da ɗaya a manyan darussa ba a duk shekarar, ya ninka wanda bai cika wannan ba fiye da sau uku wajen yiwuwar kammalawa. Malaman aji 9 su zauna duk bayan mako biyu da jerin sunayen masu tangal-tangal, kowane suna a ba shi babba ɗaya da zai bibiye shi. Sannan idan an ga rata ta ragu, a duba makin kowane rukuni shi kaɗai, domin takan ragu saboda na sama sun sauko, na ƙasa kuwa suna inda suke.